Ambaliyar Makka: Abin da Magabata Suka Yi Bayan Ruwa Ya Janye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa masallata da ɗalibanmu, duk wanda ya je Hajji ko Umra ya ga yadda Makka take. Kwari ne, duwatsu sun kewaye shi. Ruwan sama bai cika sauka can ba, amma ranar da ya sauka da ƙarfi, tunda dutse ba ya shan ruwa, sai duka ya gangaro cikin kwarin, ga shi kuma Harami yana can ƙasa, kan hanyarsa. Shi ya sa malaman tarihi irin su Azraƙi, mai littafin Akhbaru Makka, suka kula da rubuta labarin ambaliyar garin. Za mu duba uku daga ciki.

Ta farko ta faru shekara biyar kafin aiko Annabi (SAW), yana ɗan shekara 35. Gobara ta riga ta raunana ginin Ka'aba, sai ruwa ya zo ya tsattsaga bangonta. Ƙuraishawa suka yanke shawarar rushewa su sake gini. Duk da shirkar da suke ciki, suka sa sharaɗi: ba za a sa kuɗin riba ba, ko na karuwanci, ko na zalunci. Kuɗin halal ɗin bai isa ba, sai suka rage ginin ta wajen arewa, suka kewaye abin da ya saura da gajeren bango. Shi ne Hijiru Isma'il da kuke gani yau. Da aka zo ɗora Hajarul Aswad, kowace ƙabila ta ce ita za ta ɗora, har aka kusa zare takubba. Suka yarda wanda ya fara shigowa ya raba gardama, sai ga Annabi (SAW). Ya shimfiɗa mayafi, ya sa dutsen a tsakiya, shugabanni suka kama gefe-gefe suka ɗaga, shi kuma ya ɗora da hannunsa mai albarka.

Ta biyu a zamanin Sayyidina Umar ne, shekara ta 17 bayan Hijira. Ana ce mata ambaliyar Ummu Nahshal, da sunan matar da ta rasu a cikinta. Ruwan ya shiga masallaci, ya ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa, sai can ƙasan gari aka tsince shi. Aka rubuta wa Umar a Madina, ya taso cikin Ramadan. Da ya iso ya tambaya: wa ya san ainihin inda dutsen yake? Sai sahabi Muɗɗalibu ɗan Abu Wada'a ya ce shi ya sani, domin tun da can ya ji tsoron aukuwar haka, ya auna tazarar wurin da igiya ya ajiye ta a gida. Aka ɗauko igiyar, aka auna, aka mayar da Maƙamu mazauninsa. Umar bai tsaya nan ba, ya sa aka yi shinge na manyan duwatsu a saman gari don karkatar da ruwa daga masallaci.

Ta uku ita ce mafi tsanani. A watan Sha'aban na 1039, wanda ya yi daidai da 1630, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Harami ya cika, gidaje suka rushe, ɗaruruwan mutane suka rasu. Washegari bangon Ka'aba na arewa ya faɗi, tare da sashen na gabas da na yamma. Sharifin Makka Mas'udu ɗan Idrisu da jama'a suka duƙufa kwashe laka da tarkace, aka kewaye Ɗakin da katako aka rufe da yadi, aka aika wa Masar da Istanbul. Malamai suka yi saɓani kan bangon da bai faɗi ba. Ibnu Allan, mai Dalilul Falihina, sharhin Riyadus Salihina da muke karantawa, yana ganin kada a taɓa abin da ke tsaye. Wasu suka ce tunda ya tsage, a sauke a gina da ƙarfi. Aka bi ra'ayi na biyu, kuma hakan bai hana Ibnu Allan bin aikin yana rubuta tarihinsa ba. An gama cikin 1040, zamanin Sarkin Usmaniyya Muradu na Huɗu. Wannan ginin ne muke fuskanta a salla har yau, bayan babban gyaran da aka yi masa a 1417, wato 1996.

To, me ya shafe mu? Mutanen Agadas ba su manta farkon Satumba na 2009 ba, cikin azumi, lokacin da ruwan duwatsun Abzin ya cika ƙoramar Telwa ya shigo gari ya rushe dubban gidaje. Wanda ya ga irin wannan ya san bayan jana'iza akwai sauran aiki. Na sha zama sulhu tsakanin maƙwabta biyu da ruwa ya shafe katangar da ke tsakaninsu, kowa na rantsuwa nan iyakarsa take, babu takarda, babu shaida. Da an samu mai igiya irin ta Muɗɗalibu, da ba a kai ga haka ba.

Don haka kafin damina, kowa ya auna filinsa a rubuta a gaban shaidu, haka filin masallaci da na makaranta. A yashe magudanai, kada a gina gida a hanyar ruwa a ce tawakkali ne, domin Umar ya fi mu tawakkali amma ya yi shinge. Wanda aka ba shi rabon kayan agaji ya tuna amana ce, marayu da zawarawa na da haƙƙi a ciki. In mushirikan Makka sun ji nauyin sa haram a ginin bayan ambaliya, mu muka fi cancanta da jin wannan nauyi. In kuma an yi saɓani wajen sake gini, a nemi hanyar da kowa zai kama gefen mayafi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, ya ba mu damina mai albarka. Allah ne mafi sani.