Tarihin Shan Ruwa a Tseren Dogon Zango

Duk wanda ya kalli tseren dogon zango a yau, wanda ake kira maraton, ya ga tebura jere a bakin hanya cike da kofunan ruwa, da wuya ya gaskata cewa an yi zamanin da ma'abota wannan wasa suka ɗauki shan ruwa cikin gudu abin aibi, alamar ragwantaka.

A wasannin Olamfik na 1904, a birnin St. Louis na Amurka, an saki mutum 32 cikin zafin rana a kan hanyar da motoci ke ta tayar da ƙura, kuma da yake shugaban shirin, James Sullivan, da gangan ya taƙaita musu ruwa don ya jarraba iyakar juriyar ɗan Adam, mutum 14 ne kaɗai suka kai ƙarshe. Thomas Hicks, wanda ya zo na ɗaya, da ya roƙi ruwa sai masu kula da shi suka hana, suka jiƙa masa baki da soso, suka ɗura masa farin ƙwai da barasa da ɗan maganin ɓera, wai don ya ƙara kuzari. Allah dai ya yi da sauran kwanansa.

Wannan ra'ayi ya daɗe har ya shiga doka, domin ƙa'idar hukumar tsere ta duniya ta 1953 ba ta halatta ba wa mai gudu abin sha ba sai ya ci kilomita 15. Shekara guda bayan haka, a Vancouver, gwanin Ingila Jim Peters ya shigo fili ya bar na biye da shi nesa ƙwarai, amma sai ya yi ta faɗuwa yana tashi a gaban jama'a, har aka ɗauke shi bai kai layi ba, bai kuma sake tsere ba.

Sai al'amari ya juya. A 1965 wani likitan ƙoda a Jami'ar Florida, Robert Cade, ya haɗa ruwa da gishiri da sukari domin 'yan ƙwallon jami'ar, abin da ya zama Gatorade. Daga nan abin da a da yake makaruhi ya koma wajibi, 'yan kasuwa kuwa, a ganina, suka taya likitoci yaɗa fatawar fiye da yadda hujja ta kai. Aka riƙa cewa a sha tun kafin a ji ƙishirwa.

Amma a 1985 Tim Noakes na Afirka ta Kudu ya bayyana cewa wuce gona da iri wajen sha yana tsinka gishirin jini har ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma da aka auna jinin mutum 488 da suka gama tseren Boston na 2002, an sami kashi 13 cikin ɗari da ƙarancin gishiri a jini, musamman masu tafiyar hawainiya waɗanda ba sa wuce tebur ba tare da sun kurɓa ba.