Iyakar jadawalin sinadarai da iyakar samaniya: tarihin wasu sunaye

1. Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya a lise ya san allon nan da ke rataye ga bango, wanda ake ce ma tableau périodique da Faransanci. A nan za mu kira shi jadawalin sinadarai, kowane ɗan akwati na cikinsa kuma mu ce masa gurbi, kamar na dara. Da kalmar sinadari muna nufin abin da ba ya rarrabuwa zuwa wani abu daban ta hanyar haɗi ko narkarwa, irin su zinariya, azurfa, dalma, zaiba da farar wuta. Kanwa da gishiri ba sa cikin wannan lissafi, don haɗe-haɗe ne.

Tambayar da muka sa gaba ita ce: ina jadawalin ya ƙare? Mu masu nazarin harshe ne, saboda haka ta ƙofar sunaye za mu shiga. Za mu nuna cewa tun ƙarshen ƙarni na 18 iyakar jadawali da iyakar samaniya tare suke matsawa, kuma sunayen sinadarai sun adana shaidar haka.

2. Daga Lavoisier zuwa gurbi na 92

A shekara ta 1787 Lavoisier da abokan aikinsa uku, Guyton de Morveau, Berthollet da Fourcroy, suka fito da sabon tsarin raɗa ma sinadarai suna. Sun bi ra'ayin Condillac, wanda yake ganin gyaran ilimi yana tafiya da gyaran harshensa. A 1789 Lavoisier ya jera abubuwa 33 da ya ɗauka ba sa rarrabuwa, har da haske da zafi a ciki. Jerin nasa bai da tsarin da zai nuna abin da ya rage a gano.

A wannan shekara ta 1789 ne wani Bajamushe, Klaproth, ya gano sabon sinadari. Shekara takwas kafin nan Herschel ya hango duniyar Uranus, wadda a lokacin babu wadda aka sani ta fi ta nisa da rana. Klaproth ya ari sunanta, ya ce uranium, wato uraniyom ɗin da aka fara haƙowa a Arlit a 1971. Bai san cewa sinadarin nasa shi ma zai zama na ƙarshe a jeri ba.

Mendeleyev, malami a Sam Fitasbag ta Rasha, ya jera sinadarai 63 bisa nauyinsu a 1869, ya lura halayensu suna maimaituwa layi bayan layi. Inda jerin ya yi giɓi sai ya bar gurbi babu kowa, kuma ya sa ma mai gurbin suna tun bai bayyana ba. Ya ɗauko eka, wato ɗaya da harshen Sanskirit, ya liƙa ta gaban sunan sinadarin da ke bisa gurbin: eka-aluminium, eka-bore, eka-silicium. Duka ukun sun fito. An gano na farko a Faransa a 1875, na biyu a Suwidin a 1879, na uku a Jamus a 1886, kowa kuma ya sa masa sunan ƙasarsa ko yankinsa: gallium, scandium, germanium. Mendeleyev ɗin ne kuma ya gyara nauyin uraniyom, ya ninka shi biyu, sai ya koma can ƙarshen jadawali.

A 1913 Moseley, wani matashi ɗan Ingila, ya nuna da hasken X cewa lamba ce ke tsara jerin, ba nauyi ba. Daga baya aka gane lambar ita ce yawan furoton da ke cikin cibiyar ƙwayar zarra. Haidurojin yana da 1, uraniyom yana da 92. Tun da ba a raba furoton biyu, guraben da ke tsakani ƙidayayyu ne, kuma ana iya nuna waɗanda babu kowa, kamar 43, 61, 72 da 75. Moseley ya mutu a yaƙin Galifoli a 1915. A idon mutanen zamaninsa jadawali ya zama gida mai ƙofa da bango: ya fara daga 1, ya tsaya ga 92.

3. Abin da taurari suka ƙara

Tun kafin nan samaniya ta riga ta sa hannu. A 1868 aka ga wani layi mai launin rawaya cikin hasken rana wanda bai dace da kowane sinadari da aka sani ba. Lockyer ya sa masa suna daga helios, rana da Girkanci, kuma sai a 1895 Ramsay ya samo heliyom a doron ƙasa. A 1925 Cecilia Payne ta nuna cikin kundin digirinta cewa yawancin jikin taurari haidurojin ne da heliyom. Wato guraben farko guda biyu sun kusa cinye abin da ido ke gani a sama.

Sauran fa, daga ina? Gurbi na 43 ya taimaka wajen amsa. Perrier da Segrè ne suka cike shi a Italiya a 1937 da sinadarin da na'ura ta ƙera, shi ya sa aka ce masa technétium, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙerarre. Ba ya daɗewa: mafi ƙarkonsa rabinsa yakan lalace cikin shekara miliyan 4 da ƴan kai. Amma a 1952 Merrill ya gan shi cikin hasken wasu tsofaffin taurari da suka girme wannan adadi nesa ba kusa ba. Ke nan a can ake ƙera shi. A 1957 Margaret da Geoffrey Burbidge, da Fowler, da Hoyle suka bayyana yadda abin yake: tauraro maƙera ce, tana haɗa ƙananan cibiyoyi su zama manya har zuwa ƙarfe, gurbi na 26, inda haɗin ya daina ba da zafi. Abin da ya wuce ƙarfe, yawancinsa ta haɗiyar nutiron yake samuwa, wani a hankali cikin tsofaffin taurari, wani farat ɗaya cikin fashewa. A ranar 17 ga Agusta 2017 aka ga karon wasu matattun taurari biyu masu jikin nutiron, haskensu kuma ya nuna alamun sababbin sinadarai masu nauyi. Uraniyom ɗin Arlit ta irin wannan haɗiya mai sauri ya samu, tun kafin a yi rana da ƙasa.

4. Bayan 92: ƙira da gardama

Bangon ya tsage a 1940, lokacin da McMillan da Abelson suka ƙera na 93 a Bakli ta Amurka. Seaborg da mutanensa suka biyo da na 94 cikin watannin da suka biyo baya. Masu raɗin suna suka ci gaba daga inda Klaproth ya tsaya: bayan Uranus sai Neptune, da aka gano a 1846, sai Pluton, da aka gano a 1930. Aka samu neptunium da plutonium. Daga nan duniyoyi suka ƙare, aka koma ga sunayen wurare da na mutane.

Nan ne rigima ta tashi, domin wanda ya gano shi ke da ikon suna. A zamanin yaƙin cacar baka Dubna ta Tarayyar Sobiyet da Bakli kowa ya ce shi ya fara ƙera na 104 da na 105. Ɗalibin Mosko yana karanta kurchatovium a gurbin da ɗalibin Amurka yake karanta rutherfordium. Ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, ba ta raba gardamar ba sai 1997, bayan an ja daga kan ko ya halatta a sa sunan mai rai, kamar Seaborg. A ranar 28 ga Nuwamba 2016 ta tabbatar da nihonium (113), moscovium (115), tennessine (117) da oganesson (118), layi na bakwai ya cika. A 2018 cibiyar RIKEN ta Japan ta fara neman na 119.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne dokar sunan wucin gadi da IUPAC ta tsara a 1978. Kowane alƙalami yana da saiwa: nil, un, bi, tri, quad, pent, hex, sept, oct, enn. A jera su bisa lamba, a ƙara ɗafa-ƙeya -ium. Na 119 ya zama ununennium, na 120 unbinilium. An gauraya Latinanci da Girkanci da gangan don kada baƙin farko ya yi karo: shida da bakwai duk da s suke farawa a Latinanci, duk da h a Girkanci, sai aka ɗauki hex daga nan, sept daga can. Wannan doka ba ta da inda za ta tsaya. Binilnilium, na 200, kalma ce ingantatta, ko da babu abin da zai taɓa amsa ta.

5. Iyakoki biyu

Shi abu yana da iyaka, kuma ta gefe biyu. Ta gefen elektiron, lissafi mai sauƙi yana nuna cewa a gurbi na 137 elektiron na ciki zai kai gudun haske. In an yi la'akari da faɗin cibiya, matsalar takan matsa zuwa wajen 173. Ta gefen cibiya kuwa abin ya fi kusa, don furoton suna ture juna, kuma yawansu yana ƙara saurin tarwatsewa. Ƙwayoyin oganesson da aka ƙera ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, rabinsu kuma yakan lalace kafin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Tun shekarun 1960 masana suke hasashen wani yanki mai ɗan ƙarko kusa da furoton 114 da nutiron 184. Har sai da aka yanke sharaɗi: ba a kiran cibiya sinadari sai ta yi aƙalla kashi ɗaya cikin 10^14 na daƙiƙa, lokacin da take bukata ta tara elektiron. A wannan gaɓa ma'anar kalma ta shiga cikin shata iyaka.

Haka zancen yake ga samaniya. Lemaître a 1927 da Hubble a 1929 suka buɗe hanyar gane cewa tana faɗaɗa. Shekarunta miliyar 13,8 ne, saboda haka akwai nisan da haskensa bai iso gare mu ba. Abin da ake iya hangowa ya kai tafiyar haske ta shekara miliyar 46 ta kowace fuska, kuma wannan iyakar gani ce kawai. Ma'aunin tauraron ɗan Adam Planck na 2013 ya ƙara da cewa duk abin da aka yi da zarra, wato duk abin da jadawali ya ƙunsa, kusan kashi 5 cikin 100 ne na abin da ke akwai. Sauran an sa masa matière noire da énergie sombre, sunaye irin na eka, masu riƙe gurbi kafin mai shi ya zo.

6. Kammalawa

Mun ga suna iri uku: wanda ya biyo bayan abu, kamar uraniyom, wanda ya riga abu abin kuma ya zo, kamar eka-silicium, da wanda doka ke haifarwa ba tare da tabbacin abu ba, kamar binilnilium. Mai shirya ƙamus ɗin kimiyya da Hausa yana bukatar bambanta su. Inda Hausa take da kalma tun tuni, kamar dalma da zaiba, a riƙe ta. Inda sunan yake ɗauke da tarihi, a are shi bisa ƙa'idar furuci guda. Na wucin gadi kuwa dokarsu ta kamata a koyar, don ɗalibi ya iya ƙera sunan na 121 da kansa, ya kuma san cewa sunan bai tabbatar masa da sinadarin ba.