Gulbin Maradi: filin wasan da muka juya wa baya

Kwanan baya na tambayi ƴan ajina su nawa suka taɓa sauka cikin gulbi. Hannu kaɗan ne ya tashi, su ma a tsorace, don sun san in labari ya kai gida bulala ce. Abin ya tsaya mini a rai, domin ni a wannan gulbin na koyi iyo, a cikinsa kuma aka fara kayar da ni a kokawa.

Maradi ɗiyar gulbi ce. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a nan cikin fadama, inda kurmi ke kāre mutane daga mahara. Gobirawa ma a bakin wannan ruwan suka kafa Tsibiri. Gulbin daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Maradi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon gari, Turawan Faransa suka mayar da mutane bisa tudu. Kakata ta ga wannan shekara da idonta, kuma har ta rasu, in ta ce "gida", can ƙasa take nufi.

Gari ya hau tudu, amma yara ba su bar gulbi ba. Ruwansa na damina ne kawai, duk da haka babu watan da ba mu da abin yi a cikinsa. Da damina iyo ne. Ƙarami ba ya wuce ruwan gwiwa sai wani yayansa ya riƙe shi, ya koya masa yadda ake bin ruwa a karkace maimakon a yi gaba da gaba da shi. Da kaka, in ruwa ya ja ya bar kududdufai, sai kamun tarwaɗa da hannu da tsohon kwando. Da ɗari gulbi ya zama rairayi tsantsa, lokacin kokawa ke nan da langa, ga ƙasa mai taushi wadda ko an maka ka ba ka jin ciwo. Ba a san gasar takobi ba sai 1975, amma kokawar bayan girbi ta girme ta nesa ba kusa ba. Da bazara kuwa tamolar tsumma muke bugawa da sassafe, rana na yi mu fake ƙarƙashin mangwaro a gefen garake, in ƙishirwa ta kama mu mu tona rairayi har ruwa ya tsattsafo.

Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne, ba mu taɓa zama mu kaɗai ba. Akwai masu garka, akwai mata masu wanki, akwai makiyaya, kuma kowanensu yana da ikon tsawata wa ɗan kowa. Su suka koya mana cewa ruwa na iya zuwa da ƙarfi alhali ko ɗigo bai sauka a Maradi ba, don can kudu aka yi shi. In ka ga ruwa ya yi ja yana ɗauko kara da kumfa, fita ake yi ba gardama. Su ne kuma ke hana mu wanka a ruwan da ya daɗe kwance, saboda tsargiya.

Yau abubuwa sun sake. Tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990, zuwan ruwa ba kamar da ba. Gari ya yi ta faɗaɗa yana nisa da fadama, motocin ɗibar yashi suna barin ramuka waɗanda ruwa ke rufewa da damina. Iyaye suka ji tsoro, kuma suna da gaskiya. Sai dai hani bai hana yaro zuwa ba. Yana zuwa a ɓoye, bai iya iyo ba, babu babba a kusa. Wannan ya fi na zamaninmu haɗari.

Shi ya sa nake roƙon ƴan'uwana malaman lakwal: ko sau biyu a shekara, mu sauka da yara, da izinin iyaye da rakiyarsu. Sau ɗaya da ɗari, su yi kokawa da tsere bisa rairayi, a nuna musu inda tsohon gari yake. Sau ɗaya bayan ruwan farko, a tsaya a gaɓa, wani dattijo mai garka ya nuna musu alamun ruwa da wuraren da ba a taka wa. Iyaye kuma, wanda ya iya iyo ya koya wa ɗansa da kansa, kafin abokai su koya masa a bayan idonsa.