Sarkin Ƙarfi da Sarkin Yawa: Tarihin Jigon Biyayya da Danniyar Hukuma a Ƙagaggun Labaran Turawa da na Hausa

1.0 Gabatarwa

A adabin Turawa na ƙarni na 20 an sami wani rukuni na ƙagaggun labarai da ke siffanta wata ƙasa ta nan gaba wadda hukuma ta mallake jikin ɗan'adam da tunaninsa baki ɗaya, har ya zamanto fita daga sahu shi ne mafi girman laifi. Da yake Hausa ba ta da tsayayyen suna ga wannan rukuni, a wannan maƙala za a kira shi labaran ƙasar ƙangi. Manazarta sun sha lura cewa rubutaccen zube na Hausa bai haifar da irin waɗannan labarai ba, duk da cewa ƙasar Hausa ta ɗanɗani mulkin mallaka da mulkin soja. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun jigon biyayya da danniyar hukuma a ɓangarorin biyu, domin a nuna cewa tarihin adabin Hausa shi kansa yana ɗauke da wannan jigo, kuma sigar da ya ɗauka a wajenmu tana da darasin da ya kamata masana harsunan Nijeriya su tsaya a kansa.

2.0 Hanyoyi Biyu na Ɗaure Ɗan'adam

Littattafai huɗu ne suka zama ginshiƙin wannan rukuni. Na farko shi ne We na Yevgeny Zamyatin, mutumin Rasha, wanda aka fara bugawa da Ingilishi a 1924 domin hukumomin ƙasarsa sun hana shi fita. A cikinsa mutane ba su da sunaye sai lambobi, gidajensu kuma na gilashi ne don kada wani ya sami asirin kansa. Na biyu shi ne Brave New World na Aldous Huxley, 1932. Na uku Nineteen Eighty-Four na George Orwell, 1949. Na huɗu Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, ɗan Amurka, 1953.

Idan aka kwatanta su za a ga sun kasu gida biyu. A wajen Zamyatin da Orwell, tsoro ne igiyar ɗauri. Tauraron littafin Orwell, Winston Smith, ma'aikaci ne a ma'aikatar da ke sake rubuta tsofaffin jaridu don su dace da abin da jam'iyya ta faɗa yau. Abin da zai fi jan hankalin masanin harshe shi ne hukumar tana rage kalmomin ƙamus da gangan, bisa tunanin cewa wanda ba shi da kalmar tawaye ba zai iya riya tawaye a zuciyarsa ba. A wajen Huxley da Bradbury kuwa, yarda ce igiyar. Mutanen Huxley ana ƙyanƙyasar su a kwalabe, a horar da kowa ya so matsayinsa, a kuma ba shi wata ƙwaya da ke kore damuwa. A littafin Bradbury, 'yan kwana-kwana ne ke ƙona littattafai, amma marubucin ya nuna jama'a ne suka fara juya wa karatu baya, kowane rukuni yana ƙorafin abin da ya ɓata masa rai, sannan hukuma ta zo ta cika musu aiki.

Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Yakan faɗi haka ne don ya ba talaka ƙwarin gwiwa. Amma karin maganar tana da wata fuska: Orwell ya siffanta mulkin sarkin ƙarfi, Bradbury kuwa ya nuna abin da ke faruwa ranar da sarkin yawa ya zama shi ne mai hana magana. Da wannan ma'auni za mu duba namu tarihi.

3.0 Zube a Hannun Hukuma, 1933 zuwa 1966

Bambanci na farko shi ne na haihuwa. Marubutan da aka ambata sun rubuta littattafansu suna nesa da hukuma, wani ma yana gaba da ita. Ƙagaggen labarin Hausa na boko kuwa a ofishin gwamnati aka yanke masa cibiya. Kamar yadda Ibrahim Yaro Yahaya ya bayyana a Hausa a Rubuce, 1988, Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ita ce ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dr. R. M. East, kuma ita ta shirya gasar 1933 wadda ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Daga nan sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC a 1966. Duk tsawon wannan lokaci babbar ƙofar bugu guda ce, makarantun gwamnati kuma su ne kasuwa.

A irin wannan hali ba a bukatar ƙona littafi, domin wanda bai dace ba ba ya ma isa wurin maɗaba'a. Ana iya ganin tasirin haka a zubin labaran kansu. Ganɗoki na Bello Kagara ya buɗe da jarumin da ya yaƙi Turawa, amma bayan yawonsa a duniyar aljannu sai ya komo gida ya tarar mulkinsu ya zauna, labarin ya rufe da sulhu da sabon zamani. A littafi na farko na Magana Jari Ce, 1937, aikin aku shi ne ya riƙa ba ɗan sarki Musa labarai don ya hana shi fita daga fada. Mugu a can waziri ne mai son ƙwace gadon sarauta, ita kuwa sarautar ba ta da aibi. Wannan ba suka ba ce ga gwanintar Abubakar Imam. Abin lura kawai shi ne tarbiyyar da aka gina a kan cewa bin na gaba bin Allah ne ta sami mazauni a zube tun ranar farko. Masu ƙorafi a kan mulkin En'e, irin su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da sauran mawaƙan jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, sai suka bi ta hanyar waƙa, wadda ake haddacewa a rera ba tare da neman izinin maɗaba'a ba.

4.0 Gandun Dabbobi da Shekarun Soja

Ta hanyar fassara ce wannan rukuni ya leƙo Hausa. A 1975 Bala Abdullahi Funtuwa ya fitar da Gandun Dabbobi, fassarar Animal Farm da Orwell ya buga a 1945. Mai fassarar ya mayar da labarin gida ta hanyar sunaye: mai gandu ya zama Nomau, shugaban da ya ƙwace juyin ya zama Maitumbi, abokin hamayyarsa da aka kora Ɗantulu, mai farfaganda Karambana, dokin da ya ƙare ƙarfinsa cikin biyayya kuma Akawal. Orwell da Tarayyar Sobiyat yake, amma Bahaushen da ya karanta yadda ake sauya dokokin gandu cikin dare yana da abin tunawa kusa da shi. A ranar 1 ga Oktoba 1974 Janar Yakubu Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki a 1976, aka kuma hamɓarar da shi a Yulin 1975. Ya kamata a lura cewa littafin ya karɓu ne domin ya shigo da rigar tatsuniya, inda aka saba jin dabbobi na faɗin abin da mutum ba zai iya faɗa a gaban sarki ba.

Marubutan gida sun matso kusa a farkon shekarun 1980. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, 1982, ya tona asirin fasa-ƙwauri da cin hanci, Tura Ta Kai Bango kuma, 1983, ya siffanta gwagwarmayar siyasar talakawa da masu danne su. Sai dai azzalumi a waɗannan labarai mutum ne da ake iya nunawa da yatsa, ana kuma sa ran gyara idan an kawar da shi. Ba a kai ga siffanta tsarin da ya haɗiye kowa ba. A shekarar da Orwell ya raɗa wa littafinsa, wato 1984, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, ta kuma kafa Doka ta 4 wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor. Jama'a da yawa sun yi maraba da bin layi da bulalar soja, saboda sun gaji da ɓarnar Jamhuriya ta Biyu. A nan ne ƙarfi da yawa suka fara tafiya kafaɗa da kafaɗa.

5.0 Darasin Bulumkutu

Kafin a ci gaba, akwai wani al'amari da littattafan Turawa huɗun nan ba su hango ba, domin dukkansu sun ɗauka hukuma ce kaɗai ke iya gina ƙasar ƙangi. Tarihin unguwar Bulumkutu ta Maiduguri, inda mai wannan maƙala yake zaune, ya nuna akasin haka. Bayan an kashe Muhammadu Marwa Maitatsine a rikicin Kano na Disambar 1980, wasu mabiyansa suka tattaru a Bulumkutu, inda faɗa ya ɓarke tsakaninsu da jami'an tsaro a Oktobar 1982, aka yi asarar rayuka masu yawa. Wannan ƙungiya ba ta da ma'aikata ko maɗaba'a, amma ta tsara wa mabiyanta abin da za su karanta da abin da za su riƙe, ta la'anci rediyo da agogo da keke, ta kuma raba yara da iyayensu. Haka nan a shekarun da suka gabaci rikicin 2009 an ga matasa a wannan birni suna yayyaga takardun shaidar karatunsu da hannunsu. Ke nan cikakkiyar biyayya tana iya tsirowa daga ƙasa, a tsakanin waɗanda ke ganin kansu 'yan tawaye ne ga hukuma.

6.0 Kasuwar Kano da Wutar 2007

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karya manyan kamfanonin bugu, sai matasa, da yawansu mata, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. A karon farko zuben Hausa ya fita daga hannun hukuma. Littattafai irin su Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sun taɓo auren dole da ikon iyaye da karatun mata. A nan ne jigon biyayya ya bayyana sosai a Hausa, kuma mai danniyar gida ne da dangi da tsoron abin da mutane za su ce. Yarinyar da ke ƙin mijin da aka zaɓa mata ita ce takwarar Winston Smith a adabinmu.

Martanin farko daga jama'a ya fito: iyaye da malamai da masu wa'azi, sai muhawarar jaridu ta shekarun 1990 wadda Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi fice a cikinta. Hukuma daga baya ta biyo. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. A 2008 kuma hukumar tacewa, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista su kuma riƙa kai rubutunsu a duba, ƙungiyoyin marubuta suka ja da ita. Wannan jeri, ƙorafin jama'a sannan wutar hukuma, shi ne ainihin wanda Bradbury ya zana. Masu goyon bayan matakin suna da hujjarsu, cewa wasu littattafan na ɗauke da batsa kuma yara ke karanta su. Amma wuta ba ta tantance shafi, kuma littattafan da suka yi wa 'ya mace kuka sun shiga zargi ɗaya da na banza.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa rashin labaran ƙasar ƙangi a Hausa yana da dalili na tarihi. A zamanin Turawa hukuma ce ke riƙe da ƙofar bugu. A zamanin soja marubuci ya fake da tatsuniya ko ya ɗora laifi a kan mugun mutum guda. Da ya sami 'yancin kasuwa kuma sai ya tarar mai tsaron ƙofa maƙwabcinsa ne. Saboda haka duk manazarcin da zai nemi wannan jigo a adabin Hausa da ma'aunin Orwell kaɗai zai komo hannu rabbana. Ya kamata a neme shi a inda yake, wato a labaran aure da gado da tarbiyya, a waƙoƙin siyasa, da kuma a tarihin hukumomin da suka tsaya tsakanin marubuci da mai karatu. Zai kuma yi amfani idan masana Kanuri da Fulfulde da Yarabanci da Ibo suka yi irin wannan bincike a nasu adabi, domin a gane ko haɗuwar sarkin ƙarfi da sarkin yawa a kan alƙalami lamari ne na ƙasar Hausa kaɗai ko kuwa na Nijeriya baki ɗaya.