Majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa: ginin ƙasa da tsarin Ingila

Wannan majami'a tana Wusasa, a bayan birnin Zariya. An gina ta ne wajen shekarar 1929, lokacin da mishan na CMS, wanda Likita Walter Miller ya kafa a cikin birnin, ya koma can. Mun sa ta cikin darasinmu domin tana nuna mana abu biyu da muka saba haɗawa: tsarin ɗakin sujada daban, kayan gininsa daban.

Tsarin daga Ingila ya zo. Tsofaffin majami'un ƙauyukan can, waɗanda da yawansu aka gina da dutse tsakanin ƙarni na 12 da na 15, suna miƙe ne daga yamma zuwa gabas. Bagade yana gabas. Kwanon baftisma, babban dutse ne da aka fafe, yana kusa da ƙofa, domin ta baftisma ake shiga ikilisiya. Tsakanin wurin zaman jama'a da wajen bagade akan sa shingen katako mai sassaƙa, da gicciye a bisansa. A ƙarni na 16, zamanin gyaran ikilisiya, aka sauke giccen a kusan ko'ina. A bangon kudu kusa da bagade akwai ɗan gurbi mai magudana inda ake wanke ƙoƙon Jibin Ubangiji. Hasumiyar ƙararrawa galibi tana yamma.

A Wusasa kuwa ba a nemi dutse ba. Da ƙasa aka yi ginin, irin na maginan Zazzau, garin da Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na 19. A irin wannan gini ana jera tubali a yi bango mai kauri. Rufin kuma bakan gizo ne ke ɗauke da shi: ana kafa azara ta giginya a cikin bango daga kowane gefe, a ɗaura wata kan wata tana ɗan leƙowa gaba, har su haɗu a tsakiya, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Gara ba ta cika cin azara ba, shi ya sa ake sonta. Mu da muke sujada ƙarƙashin kwano a nan Gidan Igwai, Sakkwato, a watan Afrilu, mun san darajar sanyin ɗakin soro.

Sai dai ginin ƙasa yana da nasa nauyi. Majami'ar dutse takan jure shekaru ba a taɓa ta ba, amma soro yana son yaɓe, da makuba ko laso a rufi, da share indararo kafin damina. In aka yi sake ruwa ya kwanta a sama, azara ta jiƙe, baka ya fara sauka. Maginan da suka iya ɗaurin baka kuma suna raguwa, shi ya sa kwamitin gini yakan ga rushewa a sa bulo ya fi sauƙi. Kafin a yanke wannan shawara a kan tsohon soro, muna ganin ya kamata a fara kiran magini na gargajiya ya hau rufin ya duba.