Ɗumama ɗaki a lokacin ɗari: lantarki, gaz ko gawayi

A ƙasar Adar ɗari yana kamawa daga watan Disamba zuwa Fabrairu. A birnin Tawa zafin dare yakan sauka zuwa wajen digiri 15 a watan Janairu. A dajin Afala kuwa, inda makiyaya ke kwana cikin bukka ko tanti, iskar hunturu tana ƙara wa sanyin kaifi. Shi ya sa mutane ke neman abin ɗumama makwanci.

Duk abin da ke ci da wuta, ko gawayi ne ko gaz, yana shan iskar ɗaki. Idan iskar ta yi ƙaranci, sai ya riƙa fitar da wata guba wadda likitoci ke kira monoksid na karbon. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta su ne ciwon kai, juwa, amai da kasala, daga nan sai suma. Mai barci ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu. Sau da yawa idan aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya a some da safe, akan ce aikin iskoki ne, alhali kaskon garwashi ne da aka kwana da shi bayan an toshe ƙofa da taga. Jarirai, tsofaffi da mata masu ciki su suka fi saurin kamuwa.

Na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki ba ta fitar da wannan guba, domin ba ta ƙona kome. Ta nan ta fi sauran. Amma tana shan wuta ƙwarai. Mai ƙarfin wat 1000 tana cin abin da ƙwan fitila 100 masu wat 10 ke ci. Idan ta yi awa 8 a kunne, ta sha kilowat 8 ke nan, kuma za a gani a takardar kuɗin NIGELEC. Idan aka jona ta da siririyar waya, wayar takan yi zafi ta narke, har ta kama zana ko katifa. Wutar ma takan ɗauke: a watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke wadda take aiko wa Nijar, garuruwa da yawa sun sha duhu.

Masu faifan hasken rana a ƙauye kada su sa rai da shi a nan. Batir mai amfa 100 da bolt 12 yana riƙe kilowat ɗaya da ɗan kai ne kawai. Na'urar za ta shanye shi cikin awa guda, ta kuma rage masa kwana.

Gaz ya yawaita a Nijar tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011. Tulu mai kilo 6 yana ɗauke da zafin da ya kai na lantarki kilowat 75, kuma ana iya ɗora shi a amalanke a kai shi har ruga. Sai dai murhun gaz ɗin da ke hannun jama'a na girki ne. Ba shi da bututun da ke fitar da hayaƙi waje, saboda haka ba na kwana ba ne. Harshen wutarsa ya zama shuɗi. Idan ya koma rawaya, ba ya ci daidai. Gaz ɗin da ya zuba ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, daidai inda ake shimfiɗa tabarma. Ana gwada yoyo da kumfar sabulu a bakin tulu da tiyo, ba da ashana ba.

Inda babu wayar lantarki, shawarar da ta fi ita ce a ɗumama ɗaki kafin barci, ƙofa a ɗan buɗe. Gawayi a hura shi a waje har ya zama ja kafin a shigo da shi. Lokacin kwanciya a fitar da kasko, a rufe tulun gaz, a lulluɓa da bargo. Yara a sa musu hula da safa.

Idan aka ga mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suna kukan ciwon kai lokaci guda, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa fili nan take. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa ko nono. A kai shi gidan likita mafi kusa ko da ya farfaɗo, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya cewa da wuta aka kwana a ɗakin.