Wa Ya Binne Majami'ar San Clemente?

A birnin Rum, 'yar tafiya kaɗan daga tsohon filin wasan nan na Kolosiyam, akwai majami'ar San Clemente. Shekara da shekaru mutanen garin sun ɗauka ita ce wadda Waliyyi Jerom ya ambata tun wajen shekarar 392. Ashe wadda yake nufi tana ƙarƙashin ƙafafunsu.

Wani limamin ɗariƙar Dominikan ɗan ƙasar Ailan, Fada Joseph Mullooly, shi ya fara haƙa a 1857. Da aka yi ta kwashe ƙasa da ɓaraguzai, sai ga wata majami'a sukutum ta ƙarni na 4, da ginshiƙanta, har ta fi ta saman faɗi. Can ƙarƙashinta kuma ga gine-ginen ƙarni na 1, da wani ɗaki mai duhu inda ake bautar Mitras: dakalai biyu suna fuskantar juna, a tsakiya ga dutse da aka sassaƙa siffarsa yana soke bijimi. Ruwa ya daɗe yana cika wannan sashe na can ƙasa, sai tsakanin 1912 da 1914 aka haƙa masa magudana. Har yau mai sauka yana jin kwararsa.

To me ya sa aka binne majami'ar da ake alfahari da ita?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce harin Normawa na 1084, lokacin da dakarun Robert Guiscard suka ƙona sassan birnin. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Masu bincike ba su ga alamar gobara a ginin ba, kuma a cikinsa aka zaɓi Fafaroma Paskal na Biyu a 1099, shekara 15 bayan harin. Ba a naɗa shugaba a kango.

Ga kuma zanen bangon da Beno de Rapiza da matarsa Maria suka biya kuɗinsa a ƙarshen ƙarni na 11. A ciki, wani mai mulki, Sisinnius, ya sa bayinsa su ja Waliyyi Kilement, wanda majami'ar ke ɗauke da sunansa, amma idanunsu sun rufe, ginshiƙi suke ja da igiya. Shi kuwa yana surfa musu ashar, an rubuta zagin da harshen talakawa, ba da Latin ba, har ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen harshen Italiyanci. Wa zai kashe dukiya haka a bangon da ke shirin rushewa?

Shi ya sa wasu masana suka juya ga siyasa. A waɗannan shekaru Rum ta daɗe a hannun Wibert na Rabenna, wanda sarkin Jamus ya ɗaure wa gindi, yana kiran kansa Fafaroma Kilement na Uku. Wibert ya mutu a 1100, Paskal ya sa aka tone gawarsa aka jefa a kogin Taiba. Mutumin da ya yi wa gawa haka, ba abin mamaki ba ne ya so kawar da bangon da ke ɗaukaka sunan Kilement a zamanin abokin gabarsa. Tashin da titunan unguwar suka yi bisa tarin ɓaraguzai ma ya taimaka, amma ni zuciyata ta fi karkata ga gabar.

Kadinal Anastasiyus, wanda ya ɗora sabon ginin a farkon ƙarni na 12, bai bar komai da komai a ƙasa ba. Ya sa an hau da shingen marmara na wurin mawaƙa, mai ɗauke da tambarin Fafaroma Yohanna na Biyu, wanda ya yi mulki daga 533 zuwa 535. Wannan tsohon shinge yana cikin abin da ya sa aka daɗe ana ɗaukar sabon gini a matsayin na asali.